Ra'ayinmu: Golan da ke Zaman Benci Ma Ɗan Ƙungiya Ne

Da an sallame sallar la'asar, a Birniwa ne ko Diginsa ko Kazura, hanyar filin ƙwallo ce take cika da matasa. Wani ya rataya takalmin ƙwallo a wuya, wani ya taho da silifas zai cire ya buga da ƙafa. Kafin alƙalin wasa ya hura usur, za ka ga yara biyu a bakin raga, ɗaya a ciki sanye da safar hannu, ɗayan yana buga masa ƙwallo don jikinsa ya saki. Ana take wasa sai na biyun ya koma gefen fili ya zauna kusa da jarkar ruwa, aljihunsa cike da wayoyin da abokansa suka ba shi ajiya. Shi ne gola na biyu. Kullum yana zuwa atisaye, yana faɗuwa a kan yashi da ƙaya kamar yadda na ɗaya yake faɗuwa, yana biyan karo-karon kuɗin mota ranar da za a je wasa Haɗeja ko Malam Madori. Amma safar hannun ƙungiya guda ce, raga ma guda ce, kuma yana iya cinye kakar wasa sukutum bai tsaya a cikinta ba a wasan da ake ƙirgawa.

Ɗan wasan gaba ko na tsakiya idan yana benci yana da abin sa rai, domin wurare goma ne a fili, kuma tun 2020 dokar ƙwallo ta ba da damar yin canji har biyar. Gola kuwa wurinsa ɗaya ne tak, kuma ba kasafai koci yake taɓa shi ba sai ya ji ciwo ko an ɗaga masa jan kati. To wa ya kamata ya tsaya? Da wane ma'auni aka ɗora shi a kan ɗan'uwansa? Kuma yaushe ne na bayansa zai samu ya taɓa? A majalisun 'yan ƙwallo ana wannan gardama har murya ta dushe, kuma ta sha raba ƙungiyar unguwa gida biyu.

Akwai wani wasa da ba mu saba da shi ba a wannan yanki, wanda masu yinsa sun daɗe suna fama da irin wannan tambaya, har sun yi nisa wajen neman amsa. Sunansa sofbol, ɗan'uwan besbol ne, kuma mata ne suka fi yin fice a cikinsa, musamman a Amurka da Japan da Ostareliya. Mutum ɗaya ce take tsayawa a tsakiyar fili ta wurga ƙwallo ga abokiyar hamayya mai riƙe da sanda. Idan jifan ya yi kyau har mai sanda ta kuskure sau uku, ta fita. Duk wani motsi na wasan daga hannun mai jifa yake farawa, saboda haka da ita ƙungiya take tashi, da ita take faɗuwa, kamar dai gola a wurinmu. Kowace ƙungiya takan ajiye masu jifa fiye da ɗaya, ta jera su daga gwana zuwa ta bayanta. Kuma da alƙalami ake yin jerin. Akwai mai littafi a gefen fili yana rubuta maki nawa aka ci a hannun kowace, masu bugu nawa ta fitar, sau nawa ta ɓata jifa har aka ba mai bugu hanya kyauta. Idan aka ce wance ce ta ɗaya, akwai takardar da za a nuna maka.

A sofbol ta ƙasa ake wurgo ƙwallo, hannu yana juyawa kamar fanka, kuma an daɗe ana ganin wannan jifa ba ya cin kafaɗa kamar na besbol. Shi ya sa koci yakan ɗora wa gwanarsa wasa bayan wasa, ko da yake likitocin wasanni sun fara ja da wannan magana. A gasar Olamfik ta Bejin a 2008, Yukiko Ueno ta Japan ta yi jifa 413 a wasa uku cikin kwana biyu, ita kaɗai ba mai karɓarta. Ta buga da Amurka, ta buga da Ostareliya, ta sake haɗuwa da Amurka a wasan ƙarshe, Japan ta ci 3 da 1, ta ƙwace zinaren da Amurka ta riƙe a 1996 da 2000 da 2004. Bayan shekara 13, a gasar Tokyo da aka yi a 2021, ƙasashen biyu suka sake haɗuwa a wasan ƙarshe. Ueno tana da shekara 39 a lokacin. Ita ta fara jifa, amma da wasa ya zo gab da ƙarewa sai aka sako Miu Goto, 'yar shekara 20 mai jifa da hagu, ta riƙe zagaye na shida, sannan Ueno ta dawo ta rufe. Japan ta ci 2 da nema. Abin lura shi ne Goto ba a ranar ta fara jin zafin fili ba, an riƙa sako ta a wasannin baya na gasar har ta saba.

Masu cewa a bar wa lamba ɗaya raga suna da hujja, kuma ba mu raina ta ba. Sukan ce ba a sarki biyu a zamani ɗaya. Gola ba shi kaɗai yake aiki ba, da 'yan baya yake aiki, kuma fahimtar da ke tsakaninsu sai an daɗe tare take ginuwa. Ɗan baya ya san muryar golansa. Idan ya ji “bar mini!” ya san zai fito, ya san ta wane gefe yake da rauni, ya san ko zai iya mayar masa da ƙwallo a ƙafa ba tare da gabansa ya faɗi ba. Ka canza gola yau ka canza gobe, sai ka ga ƙwallon kwana ta faɗo tsakanin mutum biyu kowa yana kallon kowa. Sannan tsaron raga aikin zuciya ne. Golan da ya san kuskure ɗaya zai mayar da shi benci, da ɗar-ɗar yake fita, kuma mai ɗar-ɗar shi ake ci. Ga shi kuma yawancin gasar da ake yi a garuruwanmu sili ɗaya ƙwale ce, an cinye ka yau sai wata shekara. Mutanen unguwa sun haɗa kuɗin rajista da na mota da ƙyar, sun bar sana'a sun zo kallo. Kocin da ya ajiye gwani ya sa mai koyo don a ce ya yi adalci, aka fitar da ƙungiya, ya zalunci mutum goma da ke fili da ɗaruruwan da ke bayan layi.

Ko a wasanninmu na gargajiya ba a ƙi fifita gwani ba. A langa ba kowa ake ba ruwa ba, sai mai zafin nama da iya zulliya, domin idan aka kayar da ruwa wasan ya mutu, sauran 'yan wasa kuwa aikinsu su share masa hanya ya kai wurin sha. Ba wanda ya taɓa kiran wannan zalunci.

Sai dai mu duba filin dambe. Manyan 'yan dambe ba su ne suke buɗe fage ba. Yara ne suke fara shiga, sannan matsakaita, sai can da yamma ta yi manya su ɗaura zare. Yaron da ake kira shagon wane ko autan wane a gaban jama'a yake koyon shan naushi, ana kiɗa ana ihu, tun ubangidansa yana kan ganiyarsa. Shi ya sa idan babba ya ajiye zare, ɓangarensa, Kudu ne ko Arewa ko Guramada, ba ya rasa wanda zai tura. Magabatanmu sun jera gwanaye daki-daki, amma sun tanadar wa na ƙasa lokacinsa a cikin fagen. Wannan rabin hikimar ne ƙungiyoyin ƙwallonmu suka yar.

Wanda yake son ganin abin da rashin tanadi yake jawowa ya tuna da Super Eagles. Vincent Enyeama ya riƙe ragar Nijeriya fiye da shekara goma, ya buga wasa 101, da shi aka ɗauki kofin Afirka a 2013. Ya yi wa ƙasa aiki, ba mai musu. A watan Oktoban 2015 ya ajiye bayan saɓani da koci Sunday Oliseh. Aka samu Carl Ikeme, hankali ya fara kwanciya, sai a Yulin 2017 aka gano yana da cutar sankarar jini, bai ƙara bugawa ba. Nan aka shiga lalube: Daniel Akpeyi, Ikechukwu Ezenwa, daga ƙarshe Francis Uzoho, wanda ya fara buga wa ƙasa a Nuwamban 2017, aka tafi da shi gasar duniya ta Rasha a 2018 a matsayin lamba ɗaya yana ɗan shekara 19. A Janairun 2022, a gasar Afirka a garin Garwa na Kamaru, Tunisiya ta fitar da mu da ƙwallo ɗaya daga nesa, duniya ta taso wa gola Maduka Okoye. Ranar 29 ga Maris na shekarar, a Abuja, ƙwallon Thomas Partey na Gana ta sulale ta ƙarƙashin Uzoho, aka tashi 1 da 1, Gana ta tafi gasar duniya ta Katar muka zauna a gida. Duk wannan lokaci Stanley Nwabali yana nan, har ya tsare wa Katsina United raga kafin ya koma Chippa United ta Afirka ta Kudu. Sai dab da gasar Afirka ta Kwaddibuwa koci Jose Peseiro ya waiwaye shi. Ranar 7 ga Fabrairun 2024 ya ture fenareti biyu a hannun Afirka ta Kudu, ya kai mu wasan ƙarshe. Sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma shi an daɗe ba a gwada shi ba.

Idan ƙasa mai kuɗi da masu farautar 'yan wasa ta shiga wannan hali, ina ga ƙungiyar unguwa a Birniwa? A nan ne muke ganin hujjar masu cewa a raba lokaci ta fi nauyi, domin rayuwarmu ba ta barin matashi ya zauna wuri ɗaya. Golan da kake taƙama da shi manomi ne ko ɗan manomi. Da damina yana gonar gero da riɗi. Da an kammala girbi, ko dai ya gangara fadamar kogin Haɗeja noman rani, ko ya ɗauki jaka ya tafi ci-rani Kano ko Abuja ko Legas. Wani makaranta ce za ta kira shi, wani aure zai yi ya kama neman abinci, wani ranar kasuwar Kupsa ba ka isa ka gan shi a fili ba. Babu kwantiragi, babu albashi, babu abin da ya ɗaure shi. Ranar da ya ɓace, wanda ya shekara yana gadin wayoyi shi za a cusa a raga, a gaban taron da bai taɓa tsayawa a gabansa ba. A ci shi biyu, a fara kiransa rariya, ya koma gida ya rantse ba shi ba ƙwallo. Laifin ba nasa ba ne, na wanda ya zo fafe gora ranar tafiya ne.

Sau da yawa ma ba ya jira a kai wannan rana. Yaro mai baiwa ba ya zaman benci har abada. Ko ya koma ƙungiyar unguwar da ke maƙwabtaka, ko ya ce shi yanzu ɗan gaba ne, ko ya bar wasan gaba ɗaya. Da ma tun a wasan yara na layi, raga ce wurin da ake tura wanda ya fi ƙanƙanta ko wanda bai iya gudu ba, don haka wanda ya zaɓi tsaron gida da kansa abu ne mai wuyar samu. Ƙananan hukumomi takwas ne a masarautar Haɗeja: Haɗeja, Auyo, Birniwa, Guri, Kafin Hausa, Kaugama, Kirikasamma da Malam Madori. Daga filayensu da na sauran masarautun jihar ne ya kamata Jigawa Golden Stars, wadda ta faɗo daga babbar gasar ƙasa a 2021, ta riƙa samun 'yan wasa. Golan da aka kashe wa gwiwa yana ɗan shekara 15 ba zai kai ko'ina ba balle a gan shi.

Akwai kuma abin da ba a cika son faɗa a fili ba. Ba kullum ne gwaninta take ɗora mutum a raga ba. Wani don yayansa ne ya sayi rigunan ƙungiya, wani don shi ne mai safar hannun, wani don ɗan gidan uban ƙungiya ne kuma koci yana jin nauyi. Mafi ciwo shi ne ɗan haya. An yi wata uku ana atisaye da yaran gida, ana zuwa wasan kusa da na ƙarshe sai ga baƙo an ɗauko daga wani gari an biya shi kuɗi, an zaunar da na ɗaya da na biyu gaba ɗaya. Ko an ɗauki kofin, da wane ido koci zai dubi yaran nan ranar atisaye na gaba? Wanda ya ce a bar wa gwani raga ya yi gaskiya, muddin gwanin ne da gaske, kuma ɗan ƙungiya ne.

Raba lokaci ma yana da nasa tsadar, kada a ce mun ɓoye. A kakar 2014 zuwa 2015 Luis Enrique ya raba ragar Barcelona biyu: Claudio Bravo a La Liga, Marc-André ter Stegen a kofin Sarki da na Zakarun Turai. Sun ɗauki kofi uku a kakar. Amma zaman bai ɗore ba, domin kowannensu yana ganin ya isa ya riƙe duka, kuma a 2016 Bravo ya koma Manchester City. Gwanaye biyu da suka kai ƙarfi ba sa daɗewa a raga ɗaya. Sai dai wannan matsalar mai arziki ce, kuma mun fi so ƙungiyoyinmu su yi fama da ita a kan su wayi gari ba su da ko ɗaya.

Ga inda muka tsaya. A jera gololi, a ce wane ne na ɗaya wane ne na biyu, kuma a faɗa musu baki da baki a gaban 'yan ƙungiya. Ɓoye-ɓoye ne yake haifar da gunaguni. Amma jerin ya kasance yana da hujjar da za a iya nunawa. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa: wa ya zo atisaye wa bai zo ba, ƙwallo nawa aka ci kowa kuma ta yaya ta shiga, fenareti nawa ya ture cikin goma, yaya yake da ƙwallon sama. Kyaftin ko wani malamin makaranta mai son wasa zai iya riƙe shi. A riƙa duba jerin bayan kowace gasa, domin na ɗaya ya san kujerar ba gado ba ce, na biyu ya san ƙofa a buɗe take. Kuskuren rana ɗaya kuwa kada ya sauke kowa, ko da 'yan kallo sun cika fili da ihu.

A wasan sili ɗaya ƙwale, na ɗaya ne zai tsaya, ba mu da ja a kan wannan. Amma wasannin sada zumunta sun fi na gasa yawa a shekara, kuma a nan ne haƙƙin na biyu yake. Muna ganin cikin kowane uku, ɗaya nasa ne, daga usur na farko zuwa na ƙarshe, tare da 'yan bayan da ake ji da su. Haka ma wasan rukuni idan an riga an haye. Minti biyar na ƙarshe bayan an ci huɗu da nema ba ya koya wa gola komai, domin ƙwallo ma ba ta zuwa wurinsa. Yana buƙatar ranar da ake nema da nema, ƙafarsa tana rawa, ya tsaya ya ga bai mutu ba.

Ga yara 'yan firamare da ƙaramar sakandare, hukuncinmu ya fi tsauri: a raba wasa biyu, kowa ya tsaya rabi, a gasa ne ko ba a gasa ba. A wannan shekaru ba wanda ya san wa zai yi tsawo, wa hannunsa zai buɗe. Ƙungiyar Little League mai shirya wasannin yara a Amurka ta mayar da irin wannan doka. Tun 2007 take ƙirga jifan kowane yaro a besbol, ɗan shekara 11 zuwa 12 ba ya wuce jifa 85 a rana, wanda ya yi 66 ko fiye sai ya huta kwana huɗu. Kuma tana wajabta wa koci ya sa kowane yaron da ya zo wasa, ko da na ɗan lokaci ne. Dokar ta tilasta wa koci ya horar da masu jifa da yawa ko yana so ko ba ya so. Malaman wasanni na makarantunmu ba sa buƙatar kuɗi kafin su yi makamancin haka, yarjejeniya ce kawai tsakaninsu kafin a fara gasa.

Muna kira ga masu shirya gasa a Birniwa da sauran ƙananan hukumomin masarautar Haɗeja da su rufe rajistar 'yan wasa kafin wasan farko, kowace ƙungiya ta rubuta gola biyu 'yan gida, kuma kada a karɓi sabon suna a tsakiyar gasa sai da dalilin ciwo ko tafiya. 'Yan kallo kuma, ranar da kuka ga yaron benci ya shiga raga, ku ba shi haƙurin da kuke ba na ɗaya. Masu hali da 'yan siyasar da suke saka kofi, idan kun tashi sayen riguna da ƙwallaye, ku haɗa wa kowace ƙungiya da safar gola guda biyu.